Babana Ya Rasa Magana, Waƙa Ta Rage Masa

Ina gaishe ki, mai gabatarwa, da duk masu saurare. Sunana Rifkatu, daga Treichville.

Babana fasto ne a wata ƙaramar majami'ar Hausawa kusa da tashar Adjamé. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya ɗauke masa magana. Mutumin da sai Mama ta nuna masa agogo yake rufe wa'azi, yanzu "ruwa" ma da ƙyar yake faɗa.

Ni mai digiri na yanke hukunci ya huta. Ran Lahadi na tarar da shi a bakin ƙofa cikin farar rigarsa, yana jirana. Muka shiga gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa majami'a.

Da aka ɗauki waƙar yabo, sai na ji muryarsa, kowace kalma daram. Na fara yi wa Mama bayanin ƙwaƙwalwa, ta ce, "Ke, bari in ji mijina."

Yanzu wani ke wa'azi, Baba ke ba da waƙa. Amma in mun dawo, kwana biyu yake yi a kwance, likita kuma ya ce a daina.

Ku ba ni shawara. Yaya zan ce ya zauna gida, alhali can kaɗai muke jin muryarsa?