Ranar da Motoci Sunka Sake Hannu

A tashar Tambuwal, motar Kebbe tana jiran cikon mutum biyu. Wani dattijo ya zauna kusa da wata mata mai rungume da akwatin sanyi.

"Ɗiyata, mi ke ciki kike riƙon shi kamar jinjiri?"

"Allurar korona ce, Baba, ni likita ce. Ta mutum arba'in kaɗai anka ba ni, kuma doka ta ce sai mai shekara sittin."

"Wa ke da takardar haihuwa a cikinmu?"

"Shi ya sa nika tambaya guda. Wanda duk ya tuna ranar da motoci sunka sake hannu, sunka bar bin hagu sunka koma dama, shekarunshi sun kai."

"Ai ko na tuna! Ina bakin hanyar Sanyinna da shanun babana, sai ga wata babbar mota ta wancan gefen, a hankali, kamar bisa ruwa take tafiya. Zahara'u na bayana da ƙwaryar nono, tana ta dariya. Ko aure ba mu yi ba lokacin."

"Ka samu, Baba."

"Ita fa?"

"A kawo ta in tambaye ta."

Dattijon ya juya ya kalli hanya.

"Ta girme ni da damina guda, likita. Amma bara ta manta sunayen ɗiyanta, bana ta manta nawa."

Likita ta dubi akwatin, dattijon ya ci gaba.

"Ban ce ki karya doka ba. Ni dai na tuna mata ranar, har zanen da ta ɗaura. Ko bai halatta?"

Likita ta jawo littafinta, ta buɗe.

"Wane launi ne zanen, Baba?"