An Sauke Waƙar Ari

A tashar motar Haɗeja, wata dattijuwa ta miƙa wa mai tura waƙoƙi wayarta.

"Ɗan nan, sa min waƙar masunta ta Ari mai gurmi. Jikata ta ɗora ta a intanet bara."

Ya daddanna kwamfutarsa, ya girgiza kai. "Inna, an sauke ta."

"Wa ya sauke?"

"Wata manhaja ce mai yawo a intanet tana sauraro. In ta ji an ɗora waƙar da kamfani ya yi wa rajista ba izini, sai ta kai rahoto a cire."

"Izinin wa? Marigayi mijina ne fa! A tsakar gidana ya rera ta, ina gyaran kifi."

"Allah ya jiƙansa. Ita ba ta san miji ba, Inna, sauti kawai take ganewa. Amma akwai ta kamfanin, wadda ya sake rerawa a Kano. Ta fi fita tas."

"Na ji ta. Ba ita ba ce."

"Ai waƙa ɗaya ce. Ina kaset ɗinku?"

"Ambaliya ta tafi da shi, har da ɗakin."

"To, in sa miki wannan mana."

Ta karɓe wayarta, ta ƙulle a bakin mayafi.

"A tamu, in ya kai ƙarshe sai ya yi tari, ya ce, 'Yagana, miƙo min ruwa.' Tun da ya rasu, nan kaɗai nake jin ya kira sunana."