Lambar da ke Jikin Mota

A bakin layin masu lodi, wata dattijuwa mai sayar da kwanukan tangaran ta tsaya tana ƙare wa wata babbar mota kallo. Mai motar ya taso da sauri yana gyara hula.

"Hajiya, kaya za a ɗauka? Kamfaninmu ba ya wasa da kayan mutane."

"Motoci nawa gare ku?"

"To... sauran duk suna kan hanya."

"In kwali ya fashe, wa zan nema?"

"Ga lambar ofis nan a jikin ƙofa. Manajanmu na ɗauka nan take."

Ta ciro waya ta danna lambobin ɗaya bayan ɗaya. Sai aljihun mai motar ya ɗauki ƙara. Ya dafe shi, amma wayar ta ƙi yin shiru.

"Ɗauka mana, ranka ya daɗe, manaja."

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya, Hajiya, ni ne manajan, ni ne direban. Motar ma ita ke nan. Cewa aka yi ba mai yarda da mai mota ɗaya."

"Wa ya faɗa maka? Wani babban kamfani ya farfasa mini kwali shida. Sati uku ina kira, sakatare ya tura ni wurin manaja, manaja ya ce direban ya bar aiki." Ta mayar da wayar jaka. "Kai kuwa ga ka, ga wuyan rigarka. Buɗe bayan motar, ɗana, kwali arba'in ne. Kuma ka bi ramuka a hankali, manaja na kallonka."