Tukwanen Uwata Ba Kankana Ba Ne

Fada Anselmo, limamin cocinmu, barka da zuwa. Dokta Urueta, shugaban Gidauniyar Brisa Dorada, masu otal ɗin bakin ruwa, an ce in gaishe ka na biyu tunda ku kuka kama ɗakin taron nan, to na gaishe ka. Shugaban 'yan dakon tashar jirgin ruwa da mutanensa, sannunku. Doña Nicanora, matar marigayi, da ke, Yuleidis 'yarsa, da ku ya kamata in fara, amma ba ni na tsara kujerun nan ba. Mutanen unguwar La Candileja, da aka ajiye ku can baya kusa da ƙofa, ina ganinku.

Ni ce Temilda Berrío, mai suyar wainar masara da ƙwai a bakin kasuwar Cartagena. Ku kuka zaɓe ni in yi magana da yawunmu, kuma kun san bakina tun kafin ku zaɓe ni.

Marigayi Don Evaristo Cassiani ya kasance ɗan dako kafin ya zama mai hoto. Wani ma'aikacin jirgi ne ya yar da matacciyar kyamara, shi kuma ya tsince ta, ya kwakkwance ta a kan teburin cin abinci, ya yi ta fama har ta farfaɗo. Ba wanda ya koya masa. Fim ya yi ta ɓatawa har hannunsa ya faɗa. A banɗaki yake wanke hoto, ya toshe taga da buhun gawayi, ya roƙo ƙanƙara wurin masu kifi don kada zafin garin nan ya dafa masa ruwan maganin wankin hoton. Nicanora, kin yi haƙuri da mutumin nan, don banɗaki ɗaya ne a gidan.

Ya kasance mai taurin kai. Lokacin da kowa ya koma hoto mai kala, shi ya tsaya kan baƙi da fari, na tsokane shi yana tsaye yana cin wainata. Na ce, "Don Eva, duniya ta yi gaba ta bar ka. Ko rowar kala kake mana?"

Ya goge mai a wandonsa ya ce, "Temilda, in na sa kala, bango za su kalla. Shuɗi, ruwan ƙwai, furen da ke taga. Ke da ke zaune a gindin bangon ba wanda zai gan ki."

Na ce, "To ni ma ba kyau gare ni ba."

Ya ce, "Shi ya sa na zo da wuri, kafin rana ta tona miki asiri."

Ya kasance mai mayar da hoto ga mai shi. Duk wanda ya ɗauka a titi, guda biyu yake wankowa, ɗaya nasa, ɗaya na mai fuskar. Zai bi lungu-lungu yana tambaya har ya same ka ya danƙa maka a hannu. In ka mutu kafin ya iso, 'ya'yanka zai ba. Bai taɓa rataye fuskar mutum a gaban jama'a ba sai mai ita ya gani ya ce ya yarda.

Yanzu ku juya ku kalli bangon ɗakin nan. Gidauniya ta kwashi hotunansa ta ba na'ura ta shafe su da kala, wai an yi musu kwalliya don karrama shi. Ku dubi babban nan da ke bayan Dokta, na matar da ke ɗauke da daro a ka. An sa mata riga ruwan ƙwai da shuɗi da ja, irin ta masu tallar kayan marmari da baƙi ke ɗaukar hoto da su. An cika mata daro da kankana. A ƙasa an rubuta, Farin Cikin Unguwa.

Uwata ce, Casilda. Rigar nan baƙa ce, don ba a daɗe da binne ubana ba. Abin da ke cikin daron tukwanenta ne na ƙasa, su kaɗai ta iya fitarwa. Ranar aka rushe layinmu, aka kwashe mu a bayan motar yashi, a wurin kuma aka gina otal ɗinku. Don Eva yana tsaye cikin ƙura yana kuka yana ɗauka. Da ya kawo mata nata, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ka ajiye ɗayan da kyau, Evaristo. Wata rana za su ce ba a yi ba."

To ga ranar ta zo, har da lemo mai sanyi.

Dokta, ban ce kai ka ja na'urar ba. Na ma yarda ba ka san ko wace ce ba, kuma abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan. Hoton yana hannunku, unguwar tana bayan katangarku, amma ba wanda ya tako ya tambaye mu. Mutumin da masu gadinku suka sha kora daga bakin ƙofa wai yana damun baƙi, yau shi kuke kira ɗan gari abin alfahari. Tir da wannan karramawa.

Yuleidis, 'yata, da ke nake yanzu. Kowa ya ga farar motar Gidauniya da ke jira a waje. Mun san in an tashi daga nan gidanku za ta, ta kwashi gwangwanayen biskit ɗin da ubanki ya adana baƙin fim ɗinsa a ciki, fim ɗin da daga jikinsa ake wanko kowane hoto. Mun san kwanon ɗakinku na yoyo, danshi ya fara cin fim ɗin, su kuma sun yi miki alkawarin ɗaki mai sanyi. Ba mu ga laifinki ba, tsoro kike kada aikin ubanki ya ruɓe a hannunki. Amma in gwangwanayen nan suka shiga motar can, abin da ke bangon nan shi jikokinmu za su gada. Za su taso su ce ashe kakanninsu rawa suka yi ranar da aka kore su.

Mutanen baya, ku ɗaga abin da na ce ku zo da shi.

Juya ki gani, Yuleidis. Ga Plinio mai gyaran takalma da nasa hoton, gefensa duk ya cinye. Ga masu kifi. Ga nawa nan, na uwata, da baƙar rigarta. Kowannensu ubanki ne ya kai shi da ƙafarsa. Fada ya ba da ɗakin sama na coci, busasshe ne, iska na ratsa shi. 'Yan dako sun ce a kafaɗarsu za su ɗauki gwangwanayen, yau ɗin nan, in kin ce to. Naki ne, ke za ki yanke. Mu dai mun roƙe ki a gaban mahaifiyarki.

Na gode wa duk wanda ya rufe sana'arsa ya zo. Nicanora, mun gode da kika ba mu aron mijinki shekara da shekaru. Ubangiji Allah ya karɓi bawansa Evaristo, ya ba shi hutawa, ya saka masa da kowane lungu da ya taka yana neman mai hoto. Allah ya sanyaya zuciyar iyalinsa, ya nuna wa 'yarsa hanya. Amin.

Dokta, kafin a raba gahawa, ka sa a sauke uwata daga bangon nan. Takaba take yi.