Kada a Toshe Gibin Katanga

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro. Shugabar makaranta da malamanta maza da mata. Likitar yara da ta baro aikinta ta zo ta yi mana bayani. 'Yan kwamitin iyaye, waɗanda suka sa hannu a takarda da waɗanda aka sa musu ba su sani ba. Dattawan layinmu da na bayan layi. Iyaye mata da ke can baya da goyo. Da yaran da aka ce su fita, suka fita, suka zagayo suka maƙale a taga: ina gaishe ku baki ɗaya, kowa da girmansa.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni minti goma. Likita an ba ta awa guda, an ba ta ruwan sanyi, an ba ta kujera mai hannu, wadda ni na ƙera ta shekara goma sha biyu da suka wuce. Ban ce komai ba, na dai lura. Ina kuma godiya ga likitar kanta, domin ta faɗi gaskiya, kuma hotunan da ta haska a bango sun fito sarai. Na ga shugaba yana yi mini alama da hannu in rage murya. A yi haƙuri, zan zo kan maganar muryar a wurinta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne kafintan da rumfarsa ke jingine da katangar makarantar nan ta gabas. Shekarata arba'in da ɗaya a wurin. Ban taɓa zama a aji ba ko na yini guda, amma babu bencin da ke cikin ajin nan da bai bi ta hannuna ba. Takardar da ta tara mu yau an karanta mini ita sau biyu, kuma buƙata biyu ce a cikinta. Ta farko, a tashe ni daga jikin katanga saboda ƙarar gudumata ta yi yawa. Ta biyu, a toshe gibin da ke katangar, saboda yara suna taruwa a wurin suna ihu. Gibin nan bulo uku ne suka faɗi tun shekarar da aka yi ginin, daidai tsayin fuskar yaro. Da an tambaye ni a lokacin, da na faɗi cewa simintin bai isa ba. Ba a tambaye ni ba.

Likita ta yi awa guda tana bayanin yadda yaro ke koyon haɗa abin da ya gani da abin da ya ji da abin da ya taɓa, kuka yi mata tafi. Ni ta wannan gibin na yi shekara arba'in da ɗaya ina kallon abin da ta faɗa, ba a taɓa yi mini tafi ba, ban kuma zo nema yau ba. Abu huɗu zan faɗa, sai in zauna.

Na farko, jarirai. Uwa za ta kawo babban ɗanta makaranta, ta tsaya a bakin rumfata da na goye tana jiran a buɗe ƙofa. Idan na goyen bai wuce wata ɗaya ko biyu ba, in na buga guduma sai ya zabura gaba ɗayansa, hannu da ƙafa, amma bai san daga ina abin ya zo ba. Ƙarar ta faɗo masa ne kawai kamar daga sama. Bayan wasu watanni sai ka ga wuya ya fara juyawa, ido yana lalube, ya wuce ni, ya dawo, ya sauka a kan gudumar. Wannan rana babbar rana ce, ko da yake uwar tana can tana hira ba ta san an yi ba. Daga nan sai hannu ya fito daga zane yana miƙowa, domin abin da ya gani, ya kuma ji, dole ya taɓa shi kafin ya yarda abu ɗaya ne. Idan ya kusa shekara ina yi masa wata jarrabawa tawa. Sai in ɗaga guduma in kawo ta da ƙarfi, in tsaya kafin ta taɓa katako. Yaron zai rufe ido yana jiran ƙara, ƙara ba ta zo ba, sai ya buɗe ya zuba mini ido kamar wanda aka cuta. To, a ranar ido ya fara yi wa kunne alkawari.

Na biyu, 'yan shekara biyar da shida, waɗanda su ne suka fi yawa a bakin gibin. Iyaye suna ɗauka cewa tunda yaro yana gani, yana ji, yana taɓawa, aiki ya ƙare. Aiki bai ƙare ba. Idonsa da kunnensa da hannunsa suna nan kamar leburori uku da aka ɗauka aiki rana ɗaya, kowa yana ƙoƙari, amma babu wanda ya san sunan ɗan'uwansa. Ka miƙa masa guntayen katako biyu ka ce wanne ya fi kauri, ba zai yarda da idonsa ba sai ya damƙa, kuma abin da hannu ya ce shi ke nan, ko da ido yana ganin akasi. Ka jingina masa katako ka ce a miƙe yake ko a karkace, sai ya manta yana da hannu, ido kaɗai zai tambaya. Ka ba shi ƙusa da 'yar guduma, sai ya yi ta bugu, ƙusa ta shige ta zauna, shi yana nan yana bugu har ya ɓata fuskar katakon. Ita kuwa ƙusa tana magana. Tana shiga tana cewa ƙwas, ƙwas, in ta zauna sai muryar ta koma dim. Kunnen yaron ya ji canjin, amma bai san cewa saƙo ne da zai kai wa hannu ba.

Shugaban taron nan da kansa ya tsaya a bakin gibin nan yana ɗan shekara shida, da wando mai igiya. Na ba shi ƙusa, ya kalli gudumar maimakon kan ƙusar, ya sauke ta a babban yatsansa. Ya ce mini, "Baba kafinta, gudumarka ba ta da kirki." Na ce masa, "Gudumata ta je inda idonka ya aike ta." Ga shi nan zaune, in ƙarya na yi ya ɗaga yatsan a gani.

Sai wajen shekara takwas, tara, wani ma goma, leburorin nan uku suke sabawa da juna. Ba dare ɗaya ba, kuma ba a koya shi da baki. Na gwada, ba ya koyuwa. Wata rana dai za ka ga yarinya ta buga uku ta tsaya cak, ka ce mata me ya sa kika tsaya, ta ce, "Ai ta shiga." Ka ce wa ya gaya miki, ta ɗaga kafaɗa. Ba ta san wa ya gaya mata ba, domin su ukun ne suka faɗa da murya ɗaya.

Na uku, abin da gibin ya taɓa yi wa unguwar nan. Shekaru ashirin da wani abu da suka wuce akwai wata yarinya 'yar shekara uku da ke zuwa bakin gibin. In tana kallona na buga, tana ƙifta ido kamar kowa. In ta juya baya na buga, sauran yara su waiwayo, ita ko gezau. Na yi sati biyu ina gwada ta, ta dama da ta hagu, da guduma da zarto. Na kuma lura tana son ta ɗora tafin hannunta a kan bencin aikina in ina bugu, tana dariya, domin ta katako ƙarar ke isa gare ta. Na tare mahaifiyarta na ce, "'Yata, ki kai yarinyar nan a duba mata kunne." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baba, yaushe ka zama likita? Ka ji da katakonka, ka bar mini 'yata. Miskila ce kawai, halin ubanta ta ɗauko." Na ji da katakona. Bayan wata takwas aka kai ta asibiti, aka samu abin da na faɗa, aka yi mata abin da ya dace, yau tana ɗakin mijinta da 'ya'ya biyu. Uwar ba ta dawo ta ce mini komai ba, sai dai ta canja hanyar zuwa kasuwa. Ban kama suna ba, ba kuma zan kama ba. Na dai ji an karanto sunan a cikin takardar nan, na uku daga sama.

Na huɗu, ƙarar. Takarda ta ce gudumata ta fi da yawan bugu da ƙarfi, kuma ta ce yara suna ihu a bakin gibi. Duka biyun gaskiya ne, kuma tushensu ɗaya. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har 'ya'yan cikina, yau zan faɗa a gaban jama'a, tunda an kai ni bango. Shekara biyu ke nan kunnena yana tafiya. Na dama ya riga ya tafi, na hagu yana haɗa kayansa. Kun ga na zauna a layin gaba yau, ba girma nake nema ba, bakin likita nake kallo. Takardar ma da na ce an karanta mini sau biyu, na farkon ban ji ba. Ba na jin lokacin da ƙusa ta koma dim. Hannuna yana ɗan gaya mini, amma hannun ɗan shekara saba'in da shida ya yi kanta, ba ya rantsuwa a kan komai. Saboda haka inda da nake buga uku, yanzu ina buga shida, in ƙara ɗaya don kokwanto. Leburorin nan uku da suka yi mini aiki tare tun ina ɗan shekara tara, ɗaya ya ajiye aiki, sauran biyun suna ta kame-kame. Yadda suka haɗu a hankali, haka suke rabuwa a hankali. Ba kuka nake yi ba, bayani nake yi.

To, wa ya fara ganewa? Ba 'ya'yana ba, da suke cewa taurin kai ne ya hana ni amsa kira. Ba malamai ba, ba 'yan kwamiti ba. 'Yan aji uku da aji huɗu ne. Sun ji ƙusa ta zauna, sun ga hannuna bai tsaya ba, suka haɗa biyun suka fitar da amsa. Wata rana ina bugu sai na ga bakuna a gibi suna buɗewa tare. Na matsa na ce, "Me kuke cewa?" Wata mai gibin haƙori ta sa bakinta a kunnena na hagu ta ce, "Kaka, cewa muke ta shiga. Kai ba ka ji ba ne?" Na ce, "Na ji mana, gwada ku nake yi." Ta ce, "To kullum ma sai ka riƙa gwada mu." Tun daga ranar, in an fito hutun tara, suna tsayawa a gibin, in ƙusa ta zauna su ce "Ta shiga!" su kuma ɗaga hannu sama, domin sun gane hannun nake gani. Babu wanda ya sa su. Wannan shi ne ihun da aka rubuta a takarda. Abin da likita ta haska muku a bango, shi ne yake faruwa a gibin nan kowace safiya da ƙarfe tara, kuma shi ake so a toshe da bulo uku.

Yanzu ga matsayina. Haƙuri ba zan ba kowa ba, domin ban yi laifi ba, tsufa na yi. Amma ba na jayayya da karatu, ko da yake ni ban samu ba. Daga gobe ba zan ɗaga guduma ba sai lokacin hutun tara da bayan an tashi. Sauran lokaci in yi awo, in yi shafa, in yi aikin da ba ya ƙara. In wannan bai isa ba, kuka ce sai na tashi, zan kwance rumfata da hannuna, ba sai an turo mini kowa ba. Ni na kafa ta, na san inda kowace ƙusa take. Amma gibin, ina roƙonku, ni da ban saba roƙo ba, ku bar shi. In na tafi, ku kawo wani mai aikin hannu ku zaunar a wurin, ko mai gyaran takalmi ne, ko mai gyaran keke, wanda yara za su ga hannunsa, su ji ƙarar aikinsa, ya kuma miƙo musu abin su taɓa. Allo yana da amfaninsa, hoto yana da amfaninsa, amma ban taɓa ganin yaron da ya koyi muryar ƙusa a jikin allo ba.

Abu na ƙarshe, shugaba. An ce bayan na zauna za a tambayi jama'a, masu cewa e su ce e, masu cewa a'a su ce a'a. Ina neman alfarma kada a yi da baki. Rumfata ce, shekarata arba'in da ɗaya ce, ina da hakkin in san yadda aka yanke da kuma waɗanda suka yanke. A ɗaga hannu, a ɗaga shi sama sosai, a bar shi a sama har in juyo in duba layi-layi. Wanda bai san yadda ake yi ba, ya dubi taga, yaran can za su nuna masa.

Allah ya raya mana yaran nan, ya tsare musu idanunsu da kunnuwansu da hannayensu, ya haɗa musu kansu a kan alheri. Allah ya ba malamansu haƙuri, ya ba iyayensu lura. Allah ya saka wa likita, ya mai da ta gida lafiya. Waɗanda suka sa hannu a takarda, Allah ya ba su tsawon rai, har su kai shekarun da za su gane abin da na faɗa. Allah ya tashe mu daga taron nan lafiya.

Na gode.