Dokin Hadi

Har yau ban san wa ya fi laifi ba: wanda ya ture yaro, ko wanda ya janye jikinsa aka samu hanyar turewa. A tashar Gaya na ji zancen, da kakar gyaɗa ta 1972, daga bakin samari biyu da ba su san juna ba, suna jiran motar Ajingi.

"Ka ce daga Gafasa kake?" in ji ɗan Toranke. "To ku ji tausayin yaron nan Hadi da kuka sa ya zama ruwanku a wasan langa. Kafin ya doshi wurin sha mun kai shi ƙasa."

"Ƙanena ne. Sauri gare shi."

"Sauri kam akwai. Amma dawakin da ke tare masa, da an bangaje su sai su saki ƙafa. Ran Juma'a haƙarƙarinsa ya daku, ya tashi yana haki ya ce a sake. In ya karye, alhakinsa na wuyanku. Kai da wannan ƙirjin, me ya hana ka tare masa?"

"Ni ne ruwa kafin a ba shi. Ba zan koma doki ba."

"Kai ne Barau? Ashe kai ka buɗe mana ƙofa. Mun gode, ɗan'uwa."

Barau ya miƙe. Sai ya tuɓe takalmi, ya kamo ƙafarsa ta baya, ya tsaya a kan ɗaya.

"Zo ka bangaje ni, in ga ko na manta. Juma'a mai zuwa da ni za ka fara karo."