Jarrabawar da Tan Pina Ba Ta Zauna Ba

Limamin cocinmu, Pale' Anselmo. Mai girma magajin garinmu na Malesso'. Shugabar makarantar firamare da malamanta. Dattawanmu na kujerun gaba, waɗanda muka sumbaci hannuwansu da shigowa. Dattijo Tun Goro, mijin marigayiya Rufina, wadda kowa ke kira Tan Pina. Ɗiyarta Lita, da dangin Chargualaf da na Naputi. Jama'ar da ta cika rumfar nan har bakin titi: barkanmu da yamma, sannunmu da haƙuri.

Sunana Dolores Quinata. Na shugabanci makarantar garin nan kafin in yi ritaya, amma ba don haka aka miƙo mini lasifika ba. Ni na riƙe Lita ranar baftismarta, shi ya sa take ce mini Nina, tun daga ranar kuwa ni da Rufina muke kiran juna måle', wato ƙawar da baftisma ta haɗa. Kun san bakina. Wanda ya zaɓe ni in yi magana a cikar shekarar rasuwarta ya san abin da ya zaɓa.

Ta kasance techa, mai ja mana addu'ar carbi. Duk gidan da aka yi rashi a garin nan, kafin a kira masu akwatin gawa, Tan Pina ake kira. Yammaci tara a jere za ta zauna gaban hoton mamaci tana ja, muna amsawa. In shekara ta zagayo, ta sake yin wasu taran. Ba ta taɓa tambayar ko ɗan wane ne ba, ba ta kuma taɓa cewa ta gaji ba.

Ta kasance mataimakiyar malama a aji ɗaya shekara da shekaru. Rabin magidantan da ke tsaye can baya, ita ta share musu majina, ita ta koya musu riƙe fensir. Amma ajin ba nata ba ne, sunan wata ke jikin ƙofar, domin Pina ba ta da digiri. Abin da ta so ke nan a duniya, ba mota ba, ba tafiya Hawaii ba: ta ga an rubuta "Mrs. Chargualaf" a ƙofar aji kafin ta ajiye aiki.

Ta kasance mai naci. Kaɗan-kaɗan, darasi ɗaya bana, biyu baɗi, ta cinye karatun jami'a har ya rage mata abu guda, wato harshen waje. Aka ce mata ko dai ta riƙa zuwa aji da yamma har zango biyu, ko ta zauna jarrabawar Sifaniyanci sau ɗaya, in ta ci a ba ta makin gaba ɗaya. Ta zaɓi jarrabawa, don ta san yammacinta ba nata ba ne, namu ne.

Ranar da ta yanke shawara ta same ni a gida tana dariya. Ta ce, "Måle', Sifaniyanci fa! Ai da shi kakata ke korar kaji. Ƙirgenmu na masu yaren ne, kwanakin mako nasu ne, rabin waƙoƙin coci nasu ne. Ba ni wata guda." Duk ɗan tsibirin nan haka yake zato, har sai ya gwada. Bayan mako ta dawo fuska a murtuke, ta yi gwajin sauraro a waya. Ta ce, "Mutumin nan kare ne ya biyo shi? Na kama 'Litinin', na kama 'cokali', sauran duk ya wuce ni."

Da wata macen ce, da ta watsar. Pina ta sayi abin sawa a kunne, tana kankare kwakwa tana maimaita jimloli. Ta hana kowa sakat a gida. Tun Goro, kana nan, ba ƙarya nake maka ba: ta tambaye ka da Sifaniyanci ina ka ajiye makullin mota, ka ce, "Pina, in zagina kike yi, ki yi da yaren da zan iya ramawa." Lita ma, da ta bar jami'a bayan haihuwar fari, uwar ta jawo ta, suka zauna teburi ɗaya suna yi wa juna tambayoyi. Suka yi alkawarin shiga ɗakin jarrabawa tare.

To, jama'a, ga inda maganar ke da ɗaci. Jarrabawar ranar Asabar da safe take faɗo mata, mu kuma Asabar da safe muke binne mutanenmu. Ta sa rana, dattijo Tun Kiko masunci ya rasu, ta ɗage. Ta sake sawa, aka kawo gawar ɗan gidan Tedtaotao daga aikin soja, ta ɗage. Ban ƙirga sauran ba. Kowane rashi kuma yana cinye mata yammacin da za ta yi karatu. Ba wanda ya tilasta mata, gaskiya ne. Amma ba wanda ya taɓa ce mata, "Tan Pina, je ki, mun ɗauke miki wannan."

Na taɓa yi mata faɗa. Ta ce, "Måle', jarrabawa tana dawowa, mamaci ba ya dawowa." Na ce akwai wasu masu baki a garin nan ban da ita. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wa? Ke? Da wannan muryar taki ta kwaɗo? Ai mamacin tashi zai yi ya gudu." Muka yi dariya, maganar ta mutu a nan. Gari guda, mata cike da coci, babu wadda ta zauna ta koyi jan addu'ar, saboda muna da Pina.

Bara, saura 'yan kwanaki su zauna jarrabawar ita da Lita, hawan jini ya kayar da Pina a ƙofar aji, ba ta sake tashi ba. Ashe wani lokaci jarrabawar ce ke dawowa ta tarar mai ita ba ta nan. Na yi baƙin ciki, har yau ina yi. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take.

Yanzu gare ku, iyali. Shekarar nan da ta wuce, wa muke kira in an yi rashi? Lita. Ta gaji muryar uwarta, muka yi murna, muka ɗora mata kayan tun ba ta share hawaye ba. Sau biyu ke nan tana ɗage jarrabawar. Jibi Asabar ne za a rufe addu'ar uwarta, jibin ne kuma ranar da ta sa. Jiya ta ce mini, "Nina, na fasa. Wa zai ja addu'a, wa zai tsaya kan jar shinkafa? Sai a ce na bar uwata na tafi neman maki."

Lita, ɗiyata, dube ni. Ba wanda zai faɗi haka, wanda ya faɗa kuwa ki turo mini shi. Ƙannen babanki za su tsaya kan tukunya. Tun Goro, kai za ka kai ta da kanka, ka jira ta a mota har ta fito. Addu'a kuma, mu huɗu ne muke koyo wajen Pale' tun watan jiya, ni zan ja ta jibi. Ba za ta yi daɗi ba, amma za ta isa inda aka aike ta.

Mun gode wa Pale', mun gode wa magajin gari da ya ba mu rumfa da kujeru, mun gode wa duk wanda ya kawo abinci ko gudummawa. Allah ya ba Rufina hutu na har abada, haskensa ya haskaka mata. Ya ba Tun Goro dangana. Ya buɗe kunnen Lita ranar Asabar, ko da kare ne ya biyo mai maganar. Mu kuma ya koya mana ɗauke wa juna kaya tun mai kayan yana da rai.

Måle', kin ce in na ja addu'a mamaci zai tashi. Jibi zan ja taki. Da ma ki tashi ɗin.

Amin.